Hitar Jibirilu da Jegon Zuwera

Duk wanda ya zo barka gidan Jibirilu mai albasa a Bawku, kafin a nuna masa jaririya sai an nuna masa hita.

Wata farar akwatin ƙarfe ce manne da bangon banɗaki, tsufa ya sa ta yi ruwan ƙasa. Tukunyar gas na ƙarƙashinta, tiyo ya haɗa su, bututun hayaƙinta kuma ya huda bango ya leƙa bayan gida. Turawan aikin auduga ne suka bar ta, Jibirilu ya sayi gidan da ita a ciki. Sai ya tara baƙi a bakin ƙofa, ya ƙyasta ashana, ya danna maɓalli, ya murɗa famfo. Hita ta yi tari, ta ce bum, ruwa ya fito yana tururi. Maza su ce, “Kai, Turawa!” Shi kuwa ya dinga murmushi kamar shi ya ƙera ta.

Zuwera, matarsa, tana jin wannan bum ɗin daga ɗakinta tana dariya. Ba ta san da ita za a yi ba.

Washegarin suna, bayan an raɗa wa jaririya Azara, gwaggon Zuwera, Lariba, wadda ta zo daga Yendi, ta sami Jibirilu a tsakar gida.

“Ɗan nan, mun zo tafiya da ’yarmu. Haihuwar fari ce, wanka a gida ake yi. Uwarta na can Salaga ta tara itace har ya fi katanga tsawo.”

“Itace, Gwaggo? A wannan zamanin?” in ji Jibirilu. “Ba ki jin rediyo ana roƙo a bar sare daji? Me ke Salaga wanda babu a gidana? A nan ruwan zafi daga bango yake fitowa.”

“Bangon ne zai dama mata kunun kanwa?”

Mahaifiyarsa, Hajiya Damata, ta ajiye carbinta. “Ni fa? Ni ba mace ba ce? Ko ’ya’yana a kasuwa na sayo su? Ticha za ta yi jegonta a nan, a hannuna.”

Ticha suke kiran Zuwera, don tana koyarwa a firamare. In an so ta a ce Ticha, in an ji haushinta ma a ce Ticha, sai dai a ja ƙarshen. Gwaggo Lariba ta yi magiya har muryarta ta dushe, ta koma Yendi ita kaɗai da buhun albasa na sallama.

Kafin suna, matan da suka zo zaman jego ne ke dafa ruwa a kan murhu. Da suka watse sai Jibirilu ya sa aka kwashe duwatsun murhun, ya ce daga yau hita.

Hajiya Damata ba ta yarda da hita ba, ta ce ba za ta shiga ɗaki ɗaya da abin da ke tari ba shi da maƙogwaro ba. Amma akwai abin da ta yarda da shi ɗari bisa ɗari: iska ita ce ajalin mai jego. Saboda haka ta liƙe tagar banɗakin da takardar buhun siminti. Ta cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Da ta ji bututun hayaƙi na fito in iska ta kaɗa, sai ta zagaya baya, ta kifa turmi ta hau, ta danna tsohon zane a bakinsa har da sanda. Sannan ta sa aka buga sakata ta waje, don ta san ’yan boko, in ba a tsare su ba watsa ruwa kawai za su yi su fito.

Wankan kuwa ba na wasa ba ne. Sai babban baho ya cika, a yi ta tsoma ganyen darbejiya ana fyaɗa wa jiki har ya ƙare, a sake cika shi. Hita ba ta ba da ruwa mai zafin da Hajiya ke so sai an rage famfo yana zuba kamar zare, don haka wutar kan daɗe tana ci. Safe da yamma. Hajiya na zaune kan kujera ’yar tsugunno a waje, jika a cinyarta, tana ba da umarni ta jikin ƙofa.

Ranar farko Zuwera ta fito kanta na sarawa. Ta ce wataƙila zafi ne, don bazara ce, ƙadangaru ma inuwa suke nema. Kwana kaɗan sai ta fara fitowa tana dafa bango. Ciwon kan ya zama kamar an ɗaura mata ɗankwalin ƙarfe ana ƙara tamkewa. Kunun kanwar da take so, tana sha sai ya dawo.

“Mma, wutar nan ba ta samun iska,” ta ce wa surukarta. “Da shuɗiya ce, yanzu ta koma ja kamar ta aci-balbal. Dubi baƙin da ta yi wa bango. Hayaƙin da ya kamata ya fita, ni nake shaƙa.”

“Ina hayaƙin? Nuna mini shi.”

“Ba a ganinsa, Mma.”

“Ba a ganinsa!” Hajiya ta tafa hannu. “To wannan ai aljani kike faɗa. Sanyi ne ke fita daga jikinki, ’yar nan. Mu da muka yi da tafasasshen ruwa har fata na saɓulewa, ga mu nan da ƙafafunmu.”

Da yamma, Hajiya na sallar la’asar, Zuwera ta zagaya ta hau turmin ta zare zanen. Wankan ranar ta fito garau, har ta ci tuwo ta nemi ƙari. Da safe Hajiya ta gani. Ba ta yi faɗa ba. Ta kwaɓa laka da kanta ta shafe bakin bututun, ta sa aka ɗauke turmin aka kulle a ɗakin ajiya.

Daga nan sai hitar ma ta fara nuna nata ciwon. Ƙaramar wutar da ke kunna babbar ta riƙa mutuwa ana tsakiyar wanka. Zuwera ta gaya wa mijinta, ta ce a kira mai gyara, akwai wani Aruna a Bolga da ake yabo.

“Aruna?” Jibirilu ya yi dariya. “Yaron da ke liƙin rishon kananzir? Shi zai taɓa kayan Ingila? Kawo mini allura.”

Jibirilu mutum ne mai fara’a, ba ya duka, ba ya zagi. Aibinsa ɗaya, bai taɓa ganin abin da ya fi ƙarfin hannunsa ba. Ya tsokane ramin wutar da allurar ɗinki. Da ta sake mutuwa, ya lura in aka saki maɓallin ne gas ke yankewa, sai ya fere tsinken tsintsiya ya tokare shi.

“Baban Azara, maɓallin nan fa don tsaro aka yi shi,” in ji Zuwera. “In wuta ta mutu shi ke tsai da gas.”

“To ga shi na hana shi tsaiwa. Ba shi ke nan ba?”

Da tiyo ya fara wari, ya shafa masa sabulun wanki ya naɗe da robar tayar keke. Da ruwa ya rage zafi, wani direba ya ce masa farin dutsen ruwan rijiyar burtsatse ne ke toshe hanjin hita, tsami ke narkar da shi. Jibirilu ya kwashe lemun tsamin da Hajiya ke ajiya don shayinta kaf, ya matse a tankin sama. Kwana biyu gidan na alwala da ruwa mai ƙamshin lemo. Zuwera ta yi dariya har ɗinkin da aka yi mata wajen haihuwa ya motsa. Ko a lokacin tana iya dariya.

Wata safiya wutar ta mutu, tsinken tsintsiya na riƙe da maɓalli, gas na ta zuba. Zuwera kanta ya yi nauyi, ba ta tsaya tunani ba ta ƙyasta ashana. Bum ɗin ranar har maƙwabta suka ji. Ta fito babu girar hagu, gashin goshinta na ƙauri.

Hajiya ta duba ta sama da ƙasa ta ce, “Gira ai tana tsirowa. Kin ƙarasa bahon?”

Jibirilu ya ce hannunta ne ba shi da sauri, ita ashana ana kai ta ne kafin a yi numfashi. Ya sayo mata tozali mai kyau daga Sankasi, ta zana girar da shi.

Kwanakin da suka biyo baya ba su da abin dariya sosai. Takan fito daga wanka ta zube kan katifa kamar an jiƙa tsumma. Azara ta yi ta kuka a gefenta ba ta ji ba. Idonta ya faɗa, leɓenta ya bushe, kalmomi suka fara ɓace mata, ita da ke tsayuwa gaban aji tana magana tun safe har azahar. Jibirilu ya ce ƙarancin jini ne, ya riƙa kawo gasasshiyar hanta da kwalaben maganin ƙarin jini. Hajiya ta ce ai ta faɗa, banɗakin Nasara ba ya rasa mazauna, ta karɓo turare daga wurin wani malami. Aka ƙara kaskon garwashi a cikin ɗakin da ko ƙuda ba ya samun hanyar shiga.

A ciki Zuwera takan durƙusa ta kai hancinta ƙasan ƙofa, ta ture tsumman da yatsa don ta sami ’yar iska. Hajiya na gani ta mai da shi da ƙafa. In ta buga ƙofa, amsar ɗaya ce.

“Baho ya ƙare?”

“Mma, jiri nake ji.”

“Saura kaɗan. Daure.”

Ta daure. Ta daure saboda an ce mata haka mata ke yi, kuma ba ta so a ce ’yar Salaga raguwa ce, ko a ce boko ya lalata ta.

Ran da haƙurin ya ƙare, ta fito ne ta karɓi Azara za ta ba ta nono. Tana tsaye sai tsakar gidan ta juya. Ba ta san hannunta ya saki ba, sai ji ta yi jaririyar ta sulale. Allah ya sa a kan tulin wanki ta sauka. Azara ta tsala ihu, lafiyarta ƙalau. Zuwera ta zauna a ƙasa ta rungume ta.

Da yamma Hajiya ta ɗauko ganye ta ce a tashi. Zuwera na zaune gindin mangwaro, ta gyara zaman ɗankwalinta.

“Ba zan shiga ba, Mma.”

“Me kika ce?”

“Na ce na gama wanka a ɗakin can.”

Hajiya ta aika aka kira ɗanta daga rumfar albasa. Ya shigo yana share gumi, yana murmushin sasanci.

“Haba Ticha. Hitar da nake wanka da ita kullum?”

“Wanka kake yi ko alwala? Bokiti ɗaya, ƙofa a buɗe, kafin ruwa ya yi ɗumi ka fito. Yi irin nawa sau ɗaya. Baho biyu, famfo kamar zare, ƙofa a rufe, turare na ci. In ka fito da ƙafafunka kana wannan murmushin, ba za ka sake jin bakina ba har arba’in.”

“In kuma ban fito da su ba?”

“Gobe ina motar Salaga.”

“Namiji da wankan jego!” in ji Hajiya. “Subhanallahi. Kada ka biye mata.”

Amma an riga an taɓa Jibirilu a inda yake jin ƙaiƙayi. “Na yarda. Mma, ke ce shaida. Ba ni ganyen ma, kada a ce na rage wani abu.”

Ya ɗaura tawul ya shiga yana taku kamar ɗan kokawa. Zuwera ta miƙa wa Hajiya jaririya, ta tura tsumma ƙarƙashin ƙofa, ta ja sakata, ta zauna kan kujera ’yar tsugunno. Hannunta bai bar sakatar ba.

Bum. Sai ƙarar ruwa a baho. Sai fito, Jibirilu na busa wata waƙar direbobi.

“Ticha! Daɗi kuke sha ashe, kuna mana kukan wahala!”

“Sha abinka, Baban Azara.”

Suka ji fyaɗin ganye, fat, fat, da ihun zafi, da dariya. Can fiton ya fara karkacewa. Can ya tsaya. Sai tari. Sai aka buga ƙofa.

“Zuwera. Ɗan buɗe.”

“Baho ya ƙare?”

“Kaina ne… ɗan buɗe dai.”

“Saura kaɗan.”

Sau ɗaya ta faɗa, kuma ko rufe baki ba ta yi ba ta zare sakatar, don ta ji yadda harshensa ya yi nauyi. Jibirilu ya biyo ƙofar ya zube a dokinta, ganyen darbejiya a hannu, tawul na neman guduwa. Zuwera ta toshe hanci ta tsallake shi, ta murɗe kan tukunyar gas, ta fito da kaskon turare ta watsar. Sannan ta kama hannuwansa, da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta ja shi zuwa gindin mangwaro.

Hajiya na ta salati, jika a kafaɗa, tana yi masa fifita da faifai. “A ba shi iska! Ku matsa a ba shi iska! Ke, kashe mini ɗa za ki yi? Ba ki ji yana bugawa ba?”

“Na ji, Mma. Ai na san bugun ƙofar nan.”

Hajiya ta ci gaba da fifita. Jibirilu ya yi amai, ya buɗe ido, ya dubi ganyen mangwaro a sama ya ce, “Wa ya kashe fitila?” Maƙwabtan da ihu ya tara suka juya baya suna danne dariya.

Kafin magariba motar albasa ta kama hanyar Bolga babu ko buhu ɗaya a ciki. Da hantsi ta dawo da Aruna da akwatin kayan aikinsa. Ya fasa lakar bakin bututu, ya yage takardar taga. Ya cire tsinken tsintsiya ya sa sabon maɓalli, ya canja tiyo, ya kankare baƙin da ya toshe ramukan wuta, ya jiƙa hanjin hitar a wani ruwa har farin dutsen ya zube. Ya kunna, wuta ta tashi shuɗiya, ba tari ba bum.

“Wuta iska take ci, Alhaji,” ya ce. “In ta rasa, hayaƙin da take yi ba a ganinsa, ba a jin warinsa, kuma yana kisa.”

“Allahu akbar,” in ji Jibirilu daga kan tabarma, jiƙaƙƙen tsumma a goshi. “Ka ji ilimi. Ba a ganinsa fa, Mma!”

“Ikon Allah,” in ji Hajiya. “Wa zai sani?”

Zuwera na ɗaki tana ninke kayan Azara. Ta ji su sarai. Ta yi dariya har ta zauna a bakin gado, sannan ta share ido ta ci gaba da ninki.

Babu mugu a gidan nan, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Hajiya tsoron sanyi take yi mata. Jibirilu hanta yake saya mata da hannunsa. Da ta mutu a bayan ƙofar can, su biyun za su fi kowa kuka, a ce jego ne ya zo da gardama, a yi addu’a, a ba Azara madarar gwangwani. Ta faɗa da baki, ta faɗa da amai, ta faɗa da girarta, duk bai kai shaida ba. Maigida ya sha rabin baho, mota ta tafi Bolga. Mata nawa ne a Bawku, da Yendi, da Salagar kanta, ke bayan wata ƙofar suna bugawa, masu ƙaunarsu na zaune a waje suna ce musu su daure?

Ta goya ’yarta, ta ɗauki jaka ta fito. Jibirilu ya yunƙura ya zauna.

“Ina zuwa kuma? Ai an gyara.”

“An gyara hita. Mma ce shaida.”

Ya dubi uwarsa. Hajiya ta sunkuyar da kai tana jan carbi, can ta ce, “Ka faɗa da bakinka, ɗan nan.” Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ƙullin kanwa da daddawa ta tura a jakar Zuwera ba tare da ta dube ta ba. “Ki gaida uwarki. Ki ce ta riƙa sa barkono da yawa.”

“Za ta ji, Mma.”

Jibirilu ya rako ta har ƙofar gida yana dafa bango. Motar da za ta bi ta Gushegu ta kwana Yendi tana tasha tana lodi, ana jin yaranta na kiran fasinja.

“Zan zo ran arba’in da kaina,” ya ce. “Amma Ticha, mutane za su tambaya. Jiya rabin unguwa sun gan ni a ƙasa. Me zan ce musu?”

Zuwera ta gyara goyonta, ta dube shi, ta kasa riƙe murmushi.

“Ka gaya musu gaskiya, Baban Azara. Ka ce ka gwada jego, bai karɓe ka ba.”

Ta juya ta nufi tasha, kanta a sama.